Agogon hannu mai batir yana lattin mintoci, an sauya batir sau biyu: ina matsalar take?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum iyayen gidana. Gyaran waya nake yi, amma akan kawo agogo jefi-jefi. Akwai wani a hannuna yanzu mai hannaye uku da kwanan wata, a jikin injinsa an rubuta Miyota 2115. Mai shi ya ce yana latti, wata rana minti huɗu, wata rana har goma, wata rana kuma ya wuni lafiya lau. Galibi da safe ake tarar da ya yi baya. An sa masa sabon batir sau biyu cikin wata biyar. Wani ya ce dutsen kwatz ɗin ne ya gaji, a sa sabo. Kafin in kai masa dalma da wuta, me ya kamata in fara dubawa? Ina da mita da na'urar ba da wuta ta teburin gyaran waya.

Baba Mai Agogo

Wa alaikumus salam. Ajiye dalmar nan tukuna, ɗana, ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawan lattin da agogo ke yi shi ke nuna inda ciwon yake, kuma dutsen kwatz ba ya jawo lattin minti goma.

Dutsen da ke cikin ɗan siririn gwangwanin nan yana kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Ai-si, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarkin agogon, ya raba adadin biyu, ya sake raba shi biyu, har sau 15, sai ya rage bugu ɗaya a kowane sakan. Bugun ya shiga kwayil, wato naɗin siririyar waya, kwayil ya juya rota, wato ɗan maganaɗisu mai juyawa, rabin zagaye, rota ta tura giyoyi, hannun sakan ya yi taku ɗaya. Injin irin naka an yi shi ne kada ya wuce sakan 20 a wata, gaba ko baya. Kafin dutse ya jawo lattin minti biyar a kwana, sai kaɗawarsa ta ragu da fiye da 110 a kowane sakan, kuma dutsen da ya lalace har haka galibi mutuwa yake yi ɗungurungum. Saboda haka agogon da ke rasa mintoci ba rage gudu yake ba. Ko dai yana tsayawa ya tashi, ko rota tana kuskure taku, ko hannaye suna zamewa.

Kafin ka kwance komai, yi wannan gwajin. Jira hannun sakan ya zo kan 12, ka ja maɓallin saiti har ƙarshe, ka ajiye hannun minti daram a kan layi, sannan ka tura maɓallin daidai da agogon waya mai saita kansa daga netwok. Ka duba da azahar, ka duba bayan isha, ka duba bayan asuba. Kowane lokaci rubuta inda hannun sakan yake daban, inda hannun minti yake daban.

In hannun sakan yana nan daidai da waya amma na minti ya yi baya, ka huta da zancen wuta gaba ɗaya. Ɗan bututun da hannun minti ke zaune a kansa ne ya saki, ko ramin hannun ya yi faɗi. Za ka ji shi a yatsa: in kana juya maɓallin saiti, hannaye su riƙa tafiya sakwa-sakwa ba wata turjiya. In kuwa duka biyun sun yi baya, taku ake rasawa.

Maganar da ka yi cewa da safe ake ganin lattin, ita ta fi ɗaukar hankalina. Kafin sha biyun dare injin ke fara tura faifan kwanan wata, kuma babu aikin da ya fi wannan nauyi a kan rota a duk yini. Ga shi cikin dare sanyi na sa tsohon mai ya ƙara kauri, musamman da hunturu in an cire agogon an ajiye. Ba sai ka kwana kana gadi ba: da rana ka juya hannaye har kwanan wata ya faɗa don ka gane inda dare yake, ka zagayo zuwa ƙarfe goma na dare, ka tura maɓallin, ka ajiye shi gabanka kana aikinka kana leƙawa. In ka ga hannun sakan yana rawa a wuri ɗaya, ya motsa ya koma, to wuta tana zuwa, ƙarfin tura giyoyin ne babu.

Ka kuma duba hannayen ta gefe da madubin ƙara girma. Wutsiyar hannun sakan kan taɓa na minti, bakinsa kan goga gilashi. Irin wannan a wuri guda yake tsayawa kullum.

Sai ka faɗa mana abin da aka rubuta a bayan batirin, harafi da harafi.

Injiniya

Baba ya gama magana a kan hannaye. Ni bari in taɓa ɓangaren wuta, tunda kana da kayan awo.

Batir biyu ne masu girma ɗaya da ke shiga ramin nan. Akwai SR626SW, wanda ake kira 377, mai sinadarin azurfa. Akwai LR626, wanda ake rubuta wa AG4, na alkalin, irin wanda ake sayarwa goma a kati ɗaya. Na azurfa yana ba da bolt 1.55 kuma yana riƙe shi kusan har ranar da zai ƙare. Na alkalin yana farawa wajen bolt 1.5, yana gangarowa a hankali tun daga watannin farko, ga shi ya fi saurin yoyo. Injin agogo mai hannaye na azurfa aka yi masa. Kuma awon batir a mita ba tare da kaya a kansa ba yana yaudara: batirin da ya tsufa a shago zai iya nuna bolt mai kyau, ya durƙushe a daidai ɗan lokacin da kwayil ke jan wuta.

Cire batirin da hantsakin roba, kada na ƙarfe ya haɗa samansa da ƙasansa. Duba ƙarfen da ke ƙarƙashinsa da wanda ke danne shi ta gefe. Farin gari ko tsatsa mai kore alamar yoyo ce, a goge da tsinken itace da ɗan sifirit. Ƙarfen da ya kwanta ya daina dannawa shi ma yana sa agogo ya ɗauke in an girgiza hannu, a ɗan ɗago shi kaɗan. Kada ka yar da 'yar siririyar ledar da ke ƙarƙashin batir, ita ke hana wuta haɗuwa da jikin inji.

Awo na farko, kwayil. Sa mita a ma'aunin om, batir a waje, ka taɓa wuraren zinare biyu da wayar kwayil ta ƙare a kansu. Yawancin injunan agogon hannu suna nuna tsakanin 1.5 da 3.5 kΩ. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke. In adadin ya yi ƙasa sosai, zagayen wayar sun haɗe. In adadin yana tsalle lokacin da ka ɗan danna gefen kwayil da tsinke, ka kama ɓarawon: waya ce mai haɗuwa tana rabuwa. Daga kowane ɗaya cikin wuraren biyu zuwa jikin inji kuma bai kamata a samu hanya ba, amma wannan awon sai ka ɗaga fanel, wato allon da ai-si da dutse ke kai, tukuna. Wayar kwayil ta fi gashin kai siranta, kuma a kusa da batir take, shi ya sa sukudireba ɗaya da ya zame wurin sauya batir ya isa ya kashe ta.

Awo na biyu, wutar da injin ke ci. Sa mita a µA, ma'aunin wuta 'yar ƙanƙanuwa, tsakanin wutar da injin. Lafiyayyen inji mai hannaye uku yana cin wajen 1 µA, in ya yi yawa 1.5. Lissafin a fili yake: batirin 377 yana ɗauke da kimanin 26 zuwa 28 mAh, in ka raba da 1 µA ka samu awa dubu ashirin da wani abu, wato shekara uku. Adadin zai riƙa tsalle kowane sakan saboda bugun, sai ka haɗa kafasita mai 220 zuwa 470 µF a bakin wayoyin mitar biyu ya rage tsallen. Sannan ja maɓallin saiti har ƙarshe. Rota ta tsaya, ai-si da dutse kaɗai ke aiki, ya kamata adadin ya faɗi ƙasa da 0.5 µA. In bai faɗi ba, fanel ne ke zubar da wuta, galibi saboda danshi ko yoyon batir.

Awo na uku shi ya fi faɗin gaskiya a kan datti. Saita na'urar ba da wutarka a bolt 1.55, ka tabbatar da mita, sannan ka haɗa. Kada ka kunna ta tana haɗe da injin, kada kuma hannunka ya zarce, don wutar waya ta bolt 4 ba ta ai-sin agogo ba ce. Jan waya a jikin inji, baƙa a ƙarfen ƙarƙashin batir. Rage wutar kaɗan-kaɗan kana kallon hannun sakan. Inji mai tsabta yana ci gaba da taku har ƙasa da bolt 1.3, da yawa har 1.2 ko 1.1. Wanda ya tsaya a 1.4 mai ya daskare a cikinsa.

Abu ɗaya da ya shafe ka a matsayin mai gyaran waya: tabarmar maganaɗisu da kuke jera sukurori a kai, da sifikun waya, da murfin waya mai maganaɗisu. Rota ita kanta maganaɗisu ce. Duk lokacin da agogo ke kwance a kan irin waɗannan zai iya tsayawa, a ɗauke shi ya ci gaba kamar ba a yi ba. Tambayi mai shi inda yake ajiye shi da dare, kai ma ka nisanta shi da tabarmar lokacin gwaji.

Ɗan Koyo

Allah ya saka da alheri, Baba da Injiniya. Ga abin da na samu. A bayan batir AG4 aka rubuta, mita ta nuna 1.44. Kwayil 2.3 kΩ, ba ya tsalle. Da na ja maɓalli wutar ta faɗi sosai. A na'ura kuwa yana tsayawa da zarar na sauko 1.41. Na yi gwajin ƙarfe goma na dare, wajen sha ɗaya da rabi hannun sakan ya fara rawa a wuri ɗaya. Robar murfin baya ta bushe ta tsage. In sa 377 kawai in ba shi, ko sai an wanke?

Baba Mai Agogo

To ka ga cuta biyu ce ta haɗu. Injin yana son 1.41 kafin ya motsa, batirin yana ba shi 1.44, tazarar da ke tsakani ba ta isa ɗaukar faifan kwanan wata ba. In ka sa 377 zai yi aiki, ba shakka, amma dattin yana nan, wata rana zai dawo maka. Robar da ta tsage kuma ta nan ƙurar hunturu da gumi suka shiga.

In za ka wanke, ka yi a wuri mai rufi, fanka a kashe, farar takarda a ƙasa. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki.

Batir ya fara fita. Nemi ɗan wurin da ake dannawa kusa da sandar saiti, danna shi a hankali da bakin hantsaki kana jan sandar. In ka danna da ƙarfi, abin da ke riƙe ta zai goce, sai ka buɗe ta fuska kafin ka mayar. Fito da injin, mayar da sandar, haɗa hannaye duka a kan 12, shimfiɗa leda a kan fuska don kada ta karce, ka ɗaga hannayen da ƙarfen cire hannu. Cire fuska. Ƙarƙashinta akwai farantin da ke danne faifan kwanan wata, da ɗan sifirin, wato ɗan ƙarfe mai tankwaruwa ya koma, mai saurin tsalle. Rufe shi da leda kafin ka taɓa shi, in ya tashi ba ka ƙara ganinsa.

Juya injin. Ɗaga fanel da kwayil ka ajiye su gefe, ba sa shiga ruwan wanki ko kaɗan. Kwance gadar da ke rufe giyoyi, ka fito da su ɗaya-ɗaya. Rota daban ake yi mata. Tunda maganaɗisu ce, duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga agogon a jikinta yake taruwa, kuma ratar da ke tsakaninta da ramin da take juyawa a ciki ƙarama ce ƙwarai. Ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta sa ta kuskure taku. Ka ɗauke ta da hantsakin tagulla, ka dangwala ta a Rodico, wannan koren ƙullun mai ɗauke datti, ka sake dangwalawa a wuri mai tsabta har ka duba da madubi ka ga baƙinta sumul. Ramin ma haka. Kada ka ajiye ta kusa da sukurori, kada kuma ka kai ta kan na'urar cire maganaɗisu. Hantsakinka da sukudirebarka su ne ke buƙatar wannan na'urar.

Giyoyi da gada da faranti a jiƙa su cikin sifirit mai tsabta, irin mai kashi 99 da kuke wanke fanel ɗin waya da shi, minti biyu zuwa uku, a goge da ɗan burushi mai laushi, a ɗauraye a sabo, a busar da abin hura iska na roba. Ba da baki ba, numfashi danshi ne. Fere tsinken itace ya yi tsini, ka murza a cikin kowane rami ta gaba da ta baya har tsinken ya fito fari. Fetur da kananzir da tina ba su da wuri a nan: suna barin maiƙo, tina kuma tana cin roba da fentin faifan kwanan wata. Faifan ma busasshen goge kawai yake so.

Sai mai, inda aka fi ɓata aiki. Rotar nan ƙarfinta kaɗan ne, mai mai kauri ko mai yawa birki ne a wurinta. Man keken ɗinki da man feshi na kwance tsatsa za su sa agogo ya yi tafiya na ɗan lokaci, daga baya su kama ƙura su daskare. Abin da ya dace siririn man agogo ne irin Moebius 9000 ko 9014. Da bakin allurar sa mai mafi ƙanƙanta, ɗigo ɗaya a bakin kowane rami, sama da ƙasa, wanda sai da madubi za ka gan shi. In ka ga mai ya malalo gefen rami, ya yi yawa, a sake wankewa. Haƙoran giya ba a sa musu mai sam. Ɗan maiƙo kaɗan a sandar saiti da bakin abin da ke riƙe haƙoran faifan kwanan wata.

Wurin mayar da gada kada ka ɗaure sukuru sai kowace ƙafar giya ta shiga raminta. Rota ce mai gardama, tana jingina gefe saboda maganaɗisu, sai ka tallabe ta da tsinke. Da ka haɗa, koma kan awo na uku na Injiniya kafin ka sa hannaye da murfi. In bai sauka ƙasa da 1.3 ba, akwai sauran datti.

Sa hannaye kuma: juya maɓalli sannu har kwanan wata ya faɗa, ka tsaya cak, ka dasa hannun awa a kan 12, na minti a kan 12, sannan na sakan. Zagaya su sau biyu kana duba ta gefe.

Mai Shago

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayani ya yi. Amma ni a ganina, a kan 2115 kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Injin nan da ƙaninsa 2035 suna cikin waɗanda suka fi yawa a duniya, sabonsu ba tsada, kwalbar man da Baba ya ambata ta fi inji ɗaya kuɗi nesa ba kusa ba. In don koyo ne, ka wanke tsohon a lokacin da ba ka da aiki. In don mai agogo ne, sa masa sabo. Wanki na injin da ba a samun irinsa ne, ko mai tsada irin ETA 955.112.

Sai dai ka kula wurin saye. Lamba ɗaya ba ta isa ba. Akwai mai tagar kwanan wata a kan 3, akwai mai ita a kan 6, faifansu ba ɗaya ba ne. Tsawon sandunan da hannaye ke zama a kai ma ya bambanta, in ka sayo gajere hannun awa ya goga fuska, in dogo ne na sakan ya taɓa gilashi. Tafi da tsohon ka gwada su gefe da gefe. Tsohuwar sandar saiti in ba ta yi tsatsa ba ka mayar da ita, ka huta da yanka sabuwa. Kada kuma a ce maka injin wani kamfani mai girma ɗaya zai shiga: ƙafafun fuska da ramukan hannaye ba lallai su dace ba.

Injiniya

Ɗan ƙari don ranar da za a kawo maka wanda da gaske dutsen ne. Alamarsa latti ne mai tsari, sakan uku ko biyar kowace rana ba fashi, sau da yawa bayan agogo ya faɗi ƙasa. Maganinsa sauya fanel gaba ɗaya. Tsofaffin injuna na shekarun 1970 da 1980 suna da ɗan sukurun daidaita gudu a kan fanel. Na yanzu galibi babu: ana barin dutsen ya ɗan yi sauri, ai-si ya riƙa zubar da wasu bugu duk sakan 10 ko 60, gwargwadon yadda aka saita shi a masana'anta. In ka lika masa wani dutse daban, lissafin ya tashi.

Zafi ma yana da nasa rabo, amma kaɗan ne. Dutsen ya fi sauri a wajen digiri 25, ko zafi ya ƙaru ko sanyi ya ƙaru baya yake yi. A digiri 45 na tsakiyar bazara lattin bai wuce sakan ɗaya da ɗan wani abu a kwana ba, a digiri 10 bai kai sakan ɗaya ba. In kuma ka ga hannun sakan yana tsalle huɗu-huɗu, kamar a injunan ETA da Ronda da yawa, ko biyu-biyu a na Seiko, ba lalacewa ba ce. Sanarwa ce cewa batir ya kusa ƙarewa, lokaci kuma yana nan daidai.

Baba Mai Agogo

Mai Shago ya yi gaskiya ta fuskar kuɗi, ban ja ba. Ko wanne ka zaɓa, ɗana, kada ka rufe da tsohuwar roba. Auna faɗin ramin da kaurin robar, ka sa sabuwa da ɗan man silikon, ka shafa kaɗan a robar cikin maɓallin saiti. Faɗa wa mai shi cewa 30M da aka rubuta a murfi fantsamar ruwa kawai yake nufi, ya riƙa cire shi lokacin alwala. Kada kuma ya sauya kwanan wata da maɓalli tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran suna cikin juna.

Riƙe shi kwana uku kafin ka miƙa: kwana ɗaya fuska sama, kwana ɗaya a tsaye maɓalli ƙasa, kwana ɗaya a hannunka. Ya tsallake sha biyun dare sau uku, bambancinsa da waya kada ya wuce sakan biyu.